Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Lissafin Farfaɗo Da Tsofaffin Motocin Amurka

Ba baƙon abu ba ne a unguwannin bayan gari na ƙasar Amurka a tarar da garejin gida a buɗe ranar Asabar, tsohuwar mota na ɗage bisa ƙarafa ba tayoyi, mai gida kuwa yana kwance ƙarƙashinta da sifana a hannu. Galibin irin waɗannan motoci ƙirar shekarun 1964 zuwa 1972 ne, waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji saboda girman injinsu. Mai gidan kan shafe shekaru yana kwancewa yana ɗaurawa, kuma sau da yawa hujjar da yake kafawa ga iyalinsa ita ce motar jari ce da za ta biya kanta. Wannan hujja ta cancanci a auna ta da ma'aunin ciniki, domin labarin gwanjon miliyoyin daloli ya karaɗe duniya ta intanet, har ya soma jan hankalin masu hannu da shuni a nesa da Amurka.

Idan za a iya tunawa, zamanin waɗannan motoci ya soma ne a shekarar 1964, sa'ad da wasu injiniyoyin sashen Pontiac na kamfanin General Motors, ƙarƙashin jagorancin John DeLorean, suka ɗauki babban inji mai silinda 8 da girman lita 6.4 suka sanya shi cikin matsakaiciyar mota, suka kira ta GTO. An yi hasashen sayar da guda 5,000, sai ga shi an sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. A ranar 17 ga watan Afrilu na wannan shekara kamfanin Ford ya fito da Mustang kan farashin da ya fara daga dala 2,368, kuma kafin cikar shekara 2 ya sayar da miliyan 1. Daga nan gasa ta kankama tsakanin kamfanonin birnin Ditiroit, aka ga Camaro da Charger da Road Runner, har zuwa 1970 lokacin da Chevrolet ya fito da Chevelle mai injin lita 7.4 da ƙarfin doki 450.

Abin da ya haifi wannan zamani shi ne arhar man fetur da yawan matasa masu albashi, kuma lissafin kuɗi ne ya kawo ƙarshensa. Kamfanonin inshora sun tsawwala wa matasa masu manyan injuna kuɗi, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, wanda ya sa aka rage ƙarfin injuna, sa'an nan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a watan Oktoba na 1973 ya ɗaga farashin gangar ɗanyen mai daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Motar da ke shan lita 20 ko fiye a kowane kilomita 100 ta zama kaya ga mai ita. Da yawa an kai su bola, wasu aka jingine su a rumbunan gonaki da bayan gidaje. Ragowarsu ne ake tonowa yau ana kai wa gareji.

Ko shakka babu, akwai labaran da ke sa mai jari ya ɗaga kai. A watan Yuni na 2014, a gwanjon da kamfanin Mecum ya gudanar a birnin Siyatil, an sayar da wata Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi kan dala miliyan 3.5. A watan Janairu na 2020, a jihar Filorida, Mustang ƙirar 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt ta kai dala miliyan 3.74. Sai dai abin lura shi ne, ta farkon irinta da aka ƙera a wannan shekara ba su wuce 12 ba, ta biyun kuwa an sayar da ita da dusashen fentinta da tsatsarta, ba a sabunta ta ba. Abin da masu saye suka biya shi ne ƙarancin motar da tarihinta. Ba ɗaya daga cikin waɗannan biyu da mai gyara zai iya ƙara wa motarsa, kome ƙwarewarsa. Mustang da Ford ya ƙera a 1966 kaɗai sun haura 600,000, kuma irinsu ne ke cike garejojin gidaje.

Shi aikin farfaɗowar kansa yana da tsari da ya kamata ɗan kasuwa ya fahimta kafin ya yi hukunci. Ana kwance motar ne baki ɗaya, a sauke inji da giyabos, a cire kujeru da gilasai da wayoyin wuta, a kankare fenti har sai ƙarfe ya fito fili. A nan ne gaskiyar motar ke bayyana. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan hanya lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin ƙasan mota da gindin ƙofofi da kewayen tayoyi, shi ya sa motar da ta tsufa a busassun jihohi irin su Arizona ta fi daraja. Sau tari mai saye kan tarar an liƙe ramukan tsatsa da foti an shafe da fenti mai sheƙi. Yanke ruɓaɓɓen ƙarfe da walda sabo, da miƙe bodi da fenti, su ne suka fi cin lokaci da kuɗi, kuma su ne mai gareji ya fi kasa yi da kansa.

Bugu da ƙari, duniyar da aka ƙera motar dominta ta sauya. Tun ranar 1 ga watan Janairu na 1996 aka haramta sayar da fetur mai dalma ga motocin kan hanya a Amurka, alhali tsofaffin injunan sun dogara da dalmar wajen kare mazaunin bawul. Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai na ƙasar yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, wanda ke lalata tsofaffin robobi da cikin kafireta. Birkin yawancin motocin na ganga ne, bai dace da ƙarfin injin ba ko a zamaninsu. Mai gyara yana tsaka mai wuya: in ya sauya kayan da na zamani motar ta fi aminci amma ta rage daraja wurin masu neman asali, in ya bar ta yadda ta fito daga masana'anta kuma ya riƙa tuƙa ta da taka-tsantsan.

A ƙaddara, domin misali kawai, mutum ya sayi gawar mota kan dala 15,000, ya kashe dala 35,000 wajen kayan gyara da aikin inji da fenti, ya kuma zuba sa'o'i 1,000 na ƙarfinsa cikin shekara 4. In ya sayar kan dala 50,000 zai ce ya fita ba riba ba asara, alhali kuwa ya yi asara ta fuskoki uku. Bai biya kansa ladan sa'o'i 1,000 ba, kuɗinsa sun kwanta shekara 4 ba su juya ba a kasuwancin da zai kawo riba, kuma hauhawar farashi ta zaftare darajarsu. Dalar 1964 tana daidai da kimanin dala 10 na 2024, saboda haka Mustang ɗin dala 2,368 sai ta kai kusan dala 24,000 kafin a ce ta riƙe darajarta ta ranar farko, ba a ma sanya kuɗin ajiya da inshora na shekara 60 ba. Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan harka ke ba da shawarar a sayi wadda wani ya riga ya gama gyarawa, a bar shi da asarar.

Kasuwar ita ma ba ta da tabbas. Farashin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabo a tsakiyar shekarun 2000, ya kuma faɗi warwas bayan rikicin kuɗi na 2008. Mota ba ta haihuwa kamar saniya, ba ta kawo kuɗin haya kamar gida, darajarta ita ce abin da mai saye na gaba ya yarda ya biya. Mafi yawan masu sayen kuwa su ne waɗanda aka haifa tsakanin 1946 da 1964, waɗanda suka yi sha'awar motocin suna samari, kuma ƙaraminsu ya haura shekara 60. Na bayansu sun fi karkata ga motocin Japan na shekarun 1990 irin su Toyota Supra da Nissan Skyline, waɗanda su ne motocin ƙuruciyarsu. Jarin da ya dogara kan begen tsara ɗaya yana tsufa tare da ita.

To, ina kuɗin ke tafiya? Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An rufe Plymouth a 2001, an rufe Pontiac a 2010, amma mai GTO na iya yin odar kusan kowane ɓangare na motarsa sabo fil, daga murfin inji har tambarin da ke jikin ƙofa. Kamfanin Dynacorn yana sayar da cikakken sabon bodi na Mustang da Camaro na ƙarshen shekarun 1960 bisa lasisin kamfanonin da suka ƙera su tun asali, wato Ford da General Motors na karɓar la'ada kan zanen da suka yi fiye da shekara 50 da suka wuce. Da yawa daga cikin waɗannan ƙarafa a Taiwan ake buga su. Kamfanin gwanjo yana karɓar kamasho daga mai saye da mai sayarwa, ko farashi ya hau ko ya sauka. Ƙungiyar masu wannan sana'a, SEMA, wadda aka kafa a 1963, ta yi ƙarfin da ta sa baki har aka sami dokar 2015 da ta ba ƙananan masana'antu damar ƙera kwaikwayon tsofaffin motoci har 325 a shekara.

Daɗin daɗawa, takarda ita ma haja ce. Tun da ana iya mayar da mota ta talakawa ta yi kama da mai tsada ta hanyar sauya inji da tambari, mai saye yana neman shaidar cewa lambar da ke jikin inji ta dace da ta shasi. Wasu daga cikin kamfanonin motocin sun adana bayanan abin da suka ƙera, aka kuma sami kamfanoni masu sayar da rahoton asalin motocin da bayanansu ke ajiye. Amana da aka rubuta ta zama dukiya.

Adalci ne a yarda cewa mai garejin ba lallai ya zama wawa ba. Yana samun nishaɗi, yana koyon walda da aikin inji, yana koya wa 'ya'yansa aikin hannu, kuma mai kiwon dokin sukuwa bai taɓa tsammanin dokin zai biya kuɗin harawarsa ba. Matsalar tana faruwa ne sa'ad da aka shigar da abin sha'awa cikin littafin jari. Attajirin Nijeriya da ke tunanin shigo da irin wannan mota da niyyar riba zai saya da dala, ya yi odar kowane ƙusa da dala, ya shayar da ita fetur ɗin da aka janye wa tallafi tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'an nan ya nemi mai saye a kasuwar da masu sha'awarta ba su da yawa.

Sai dai akwai wata alaƙa da ta fi wannan amfani. Tashin farashin mai na 1973 da ya durƙusar da manyan injunan Ditiroit shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya, kuma a cikin wannan yalwa aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Fijo 504, wadda ta fito a 1968, sa'ar waɗancan motoci ce, an kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera samfurinta na zaman mutane. Aikin da Ba'amurke ke yi domin nishaɗi, makanikan Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas suna yin sa kowace rana domin larura, tun da tsadar kuɗin musaya ta sa ko 'yar Kwatano ta fi ƙarfin ma'aikaci. Gwaninta akwai ta, buƙata ma akwai ta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan gyara masu inganci tabbatacce, da rubutaccen tarihin mota da mai saye zai dogara da shi, da garejin da zai ba da garanti a rubuce.

Saboda haka ya dace mai jari ya kalli garejin Ba'amurke da idon mai sayar masa da kaya. Masana'antun Nnewi sun nuna cewa ana iya ƙera kayan gyara a cikin gida, kuma miliyoyin tsofaffin motocin da ke kan hanyoyin ƙasar nan za su ci gaba da neman birki da lagireto da robobi muddin suna tafiya. Ya rage ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta matsa wa masu jabu lamba, ga bankuna su duba masu wannan sana'a, ga 'yan kasuwa kuma su yanke shawarar gefen cinikin da za su tsaya. Wanda yake son tsohuwar mota ya saye ta da kuɗin da zai iya haƙura da su, ya rubuta ta a shafin kashe kuɗi.