Kafin ka sayar da bijiminka ka haɗa sola, karanta wannan



Tun shekaranjiya da na ɗora hoton farantan solar da muka sake wa zama a shagon yayana, saƙonni ke ta shigo mini. Wasu daga nan Ƙaura, wasu daga Shinkafi, har da abokan karatuna na Zurmi, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: wace iri zan saya? To maimakon in riƙa amsa wa kowa shi kaɗai, bari in rubuta a nan kowa ya gani. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Ni ba dillalin sola ba ne, ba ni da shago, ba ni da kamasho wurin kowa. Asarar da aka yi a gidanmu ce ta sa na zauna na koyi abin.

Yayana yana da shagon kayan sanyi a nan Ƙaura Namoda: firiza biyu, fiya wata, lemo, zoɓo da ƙanƙara. Kowa ya san abin da ya faru tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Janareta ya koma shi ne mai shagon, Yaya kuma yaronsa. Saura kamar wata guda azumi sai ya yanke shawara, ya sayar da bijiminsa da wasu buhunan gero, ya kira wani mai haɗa sola da aka yi masa hanyarsa daga birni. Mutumin ya kawo masa lissafi iri biyu. Ɗaya da batir, ɗaya babu batir, kuma na biyun ya fi araha nesa ba kusa ba. Ya ce masa inbata ce 'yar Turai, 'yar gwanjo mai kyau, da layin NEPA ake haɗa ta, batir ɓarnar kuɗi ne tunda da rana ake ciniki. Yaya ya ɗauki mai araha.

Kwana biyu da haɗawa, wajen azahar, sai ga wayarsa.

“Kai, zo ka gane mini wanga abu. Rana ta take tsaka, hwarantai na bisa kwano, amma firiza duk sun mutu.”

Na ce, “Yaya, ko an ɗauke wuta ne?”

Ya ce, “An ɗauke mana. To ba don haka ni sai sola ba?”

Wallahi a lokacin ni ma ban da amsa. Sai daga baya na gane cewa inbatar ba ta lalace ba, aikin da aka ƙera ta don shi take yi. Ita irin wannan inbata ba ta iya tsayuwa da ƙafarta. Tana leƙa wutar da ke kan layi ne ta bi sawunta, da zarar layi ya mutu ita ma sai ta kashe kanta nan take, ko da rana na dukan farantai. Da gangan aka yi ta haka, don kada ta tura wuta kan layin da ma'aikaci ya hau falwaya yana gyara, ta kashe bawan Allah. A Jamus, inda tun shekarar 2000 doka ta ba mai gida damar tura wutar rufinsa kan layi a biya shi, wannan inbata riba ce, don wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba. Aka ɗauko ta aka kawo Ƙaura. Araha ba ta ado. Kafin mu sayar da ita da faɗuwa mu haɗa kuɗin wata da batir, azumi ya raba, kasuwar ƙanƙara ta wuce Yaya yana kallo.

Saboda haka ga abin da ya kamata kowa ya sani. Sola iri uku ce. Akwai wadda ke jingine da layin NEPA babu batir, irin ta Yaya. Akwai wadda ba ruwanta da layi sam, daga faranti sai batir. Sai ta uku da masu sana'ar ke ce wa haibirid, wato mai haɗa duka: tana ɗaukar rana, tana ajiya a batir, in NEPA ta leƙo ta karɓa, in ma janareta ka tayar ta karɓa.

Ra'ayina a fili: a arewacin Zamfara kada wanda ya sa kuɗinsa a ta farko. In layin wuta ya bi ta ƙofar gidanka kuma takan zo ko da jefi-jefi, haibirid za ka saya. In kuma kana ƙauyen da falwaya ta faɗi shekara da shekaru, ko transfoma ta ƙone ba a waiwaye ta ba, yi lissafinka kamar babu NEPA a duniya. A wurinmu rana ce mai gida, NEPA baƙuwa ce, in ta zo a ba ta tabarma.

Ba don ina jin haushin kowa na faɗi haka ba. Ku tuna ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala. Abin da ya jinkirta gyaran na Shiroro shi ne rashin tsaro. In babban layin ƙasa ya jira jami'an tsaro kafin a taɓa shi, ina ga wayar da ta ratsa daji tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ko Ƙaura da Zurmi? Ma'aikacin da zai hau falwaya a wannan hanya shi ma yana da iyali. Duk wanda ya ɗora abincin gidansa a kan wannan waya ya san abin da ya saya.

Na san wani zai ce, to tunda haka ne mi zai sa in bar layin NEPA, in yanke abina in huta mana. Ban goyi bayan haka ba, ga dalili. Watan Agusta sai a yi kwana biyu ko uku hadari bai buɗe ba. Lokacin hunturu hazo yakan rufe rana, ƙura ta kwanta a kan farantai. A irin waɗannan ranaku, wutar awa biyu da tsakar dare ta isa ta ɗaga maka batir. Kuma ku duba kuɗi: a Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, yunit ya koma naira 225, ƙasa ta ɗauki kuka. Amma ƙaramin janaretan fetur da wuya lita guda ta ba ka fiye da yunit 2. Raba kuɗin lita biyu ka gani. Wutar layi mafi tsada ta fi ta janareta araha. Sharaɗin kawai shi ne ka nemi mita mai kati. In ba ka da mita, bil ɗin ƙiyasi zai ci gaba da zuwa ko ba ka kunna ko ƙwai ɗaya da wutarsu ba.

Wani abin lura game da mita: kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka riƙa sayar wa NEPA wuta. Mitar da ke gidajenmu ba a yi ta don ta biya ka ba, wasu ma in wuta ta fita ta cikinsu sai su ƙirga ta kamar sha ka yi, su cinye maka yunit. Ka sa mai haɗawa ya saita inbata kada ta tura komi waje, kuma ya nuna maka a kan allonta da idonka.

Yanzu lissafi. Kuskuren da muke yi shi ne mu je mu ce “a haɗa mini 5kVA”, kamar mai sayen buhun taki. Girman inbata ba shi ke kwana da kai ba, batir ne. Fara da abin da kake kunnawa daga magariba zuwa safe. Misali: fanka 3 masu wat 70 na awa 8, ya ba da 1,680. Ƙwai 8 masu wat 10 na awa 5, 400. Talabijin mai wat 80 na awa 4, 320. Ka ba firiji kamar 600. Jimla 3,000, wato yunit 3 a dare ɗaya.

Batirin ruwa, wanda ake ce wa tubula, mai 12V da 200Ah, a rubuce yana ɗauke da 2,400. Amma in kana son ya yi ƙarko rabi kawai za ka riƙa sha, wato 1,200. Ke nan wancan gida yana buƙatar uku, kuma saboda yadda ake jera su sai dai huɗu. Batirin lityum mai yunit 5 guda ɗaya zai riƙe daren, don shi ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa. Ya fi tsada a ranar saye, ya fi daɗewa. Ga kuma zafinmu: batirin ruwa ba ya shiri da zafi, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin kwanansa. Wanda ya kulle batir a ɗakin kwano marar taga cikin Afrilu, shi ya kashe abinsa da hannunsa. A sama masa inuwa da iska, a riƙa duba ruwansa, kuma ruwan batir ake zubawa, ba na rijiya ba.

Faranti mai wat 550 a ƙasarmu, in an cire abin da zafi da waya ke ci, yakan ba da yunit 2 da ɗan ɗori a rana. In gidan yana shan wasu yunit 3 da rana, jimla 6, faranti 3 ke nan, ka ƙara na huɗu saboda hazo da damina. A fuskantar da su kudu, a ɗan kishingiɗa su kamar digiri 12 zuwa 15, a bar sarari tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. A hunturu a riƙa wanke su da sassafe kafin su yi zafi. Na sha ganin mutum yana zagin mai haɗa masa, alhali ƙurar da ke kan farantansa ta isa a shuka gyaɗa.

Masu firiza, masu famfon burtsatse da masu markaɗe, ku kula. Duk abin da ke da mota a cikinsa, lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsa. Inbatar da ta yi daidai wa daida a takarda za ta riƙa yanke maka aiki. Sannan wasu 5kVA ɗin kilowat 4 ne, a duba takardar jikinta. Dutsen guga da hita kuwa a bar su sai rana ta take, ko in NEPA ta kawo. Akwai kuma haibirid da ake tallatawa cewa tana aiki da rana ko babu batir ko babu layi. Gaskiya ne akwai, amma gajimare ɗaya ya gifta ko firiza ta tashi sai ta yanke. Ko ƙarami ne, sa batir.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka yi wa mai haɗawa waɗannan tambayoyi, in ya fara kame-kame ka riƙe abinka:

1. In an ɗauke wuta da rana tsaka, za ta ci gaba da aiki? A gwada a gabana kafin in cika kuɗi.
2. In wuta ta zo rabi, ko ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, mi zai kare mini inbata?
3. Ina abin kariyar tsawa, ina ƙarfen da za a binne a ƙasa?
4. Batirin sabo ne? Ina takardar garanti, kuma shekara nawa?
5. In ta lalace wa zai zo, daga ina, cikin kwana nawa?

Ta biyar ɗin nan ta fi sauran nauyi a wurinmu. Wanda ya haɗa maka ya koma Kano ko Kaduna ba zai biyo hanyar Zurmi don fis ɗaya ba. Gara na kusa da kai mai matsakaicin hannu, wanda za ka iya tararwa a masallaci, da gwanin da sai a waya.

Akwai kuma maganar da ba a cika yi a fili ba. Faranti goma a kan rufi sanarwa ce, kuma mun san zamanin da muke ciki na masu kai rahoto. Ka haɗa daidai buƙatarka, ka sa a ɗaure su da ƙarfe yadda ba za su kwantu cikin sauƙi ba, batir ya kwana inda ake kullewa, kuma ba dole ba ne duk majalisa ta san nawa ka kashe. Ni kaina da na ɗora hoton nan sai da Yaya ya yi mini faɗa, kuma yana da gaskiya.

Daga ƙarshe, kada mu bari sola ta sa mu yafe wa hukuma haƙƙinmu. Mai bijimin sayarwa ya haɗa, to mai ɗinki da mai cajin waya da matar da ke ƙulla zoɓo fa? Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarsu. Muna son mu ji abin da Gusau za ta yi da wannan dama a kasuwar Shinkafi, da asibitocinmu, da garuruwan da waya ba ta kai ba. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Ƙaura tun 1983. Da za a buɗe gajeren kwas na haɗa sola da gyaranta ga matasan waɗannan ƙananan hukumomi, da mun huta da jiran baƙo daga birni, yaranmu kuma sun samu sana'a.

Shagon Yaya yanzu alhamdu lillahi, firiza na kwana da sanyi, janareta na can lulluɓe da buhu sai an yi kwana biyu babu rana. Bijimin dai bai dawo ba tukuna.

Wanda ya haɗa a Shinkafi ko Zurmi, don Allah ya faɗa mana a ƙasa wane batir ya sa da kuma shekara nawa ya yi masa, don na baya su amfana. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a nemanmu.