ZAUREN MALAM: Rigimar Masu Ƙananan Jiragen Ƙasa da Kamfanoninsu a Ingila

A wannan wata zan kai ku ƙasar Ingila mu leƙa wata rigima da ta daɗe tana ci, tsakanin wasu dattawa masu furfura da kamfanonin da ke ƙera musu ƙananan jiragen ƙasa. Kada mai karatu ya yi saurin dariya. Akwai kuɗi masu yawa a cikin maganar, akwai alkawari da saɓa shi, sa'an nan akwai tambayar ko yaran da ke tasowa za su gaji wannan abu, ko kuwa zai bi masu shi zuwa kushewa.

Bari mu fara da bayanin abin, don ba kowa ya taɓa ganinsa ba. Jirgin ƙasa ne sak irin na gaske, da kansa da taragunsa, sai dai an rage girmansa har kan jirgin bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Yana tafiya da wutar lantarki da ake sakar masa ta cikin ƙarafan dogon. Mutum zai ware ɗaki guda, ya kafa katakai, ya shimfiɗa dogo, ya gina tasha da gada da duwatsu da itatuwa, duk da hannunsa. Wanda ya taɓa ɓata yini yana haɗa motar kara ko ta langa-langa sa'ad da yake yaro ya san irin daɗin da ake ji, illa dai su waɗannan ba su daina ba da suka girma. Mawaƙin nan Rod Stewart ya shafe shekara 23 yana gina nasa garin da jiragensa kafin ya nuna wa duniya a 2019. Idan ka ce musu kayan wasa ne, to ka nemi faɗa.

Su ma suna da lokacin girbinsu. A watan Janairu ne kamfanin Hornby, wanda ya fi kowane suna a Ingila, ya saba fitar da jerin jiragen da zai ƙera a shekarar. A Jamus ma kusan lokacin ne Märklin, tsohon kamfanin da aka kafa tun 1859, da sauran takwarorinsa kan baje sababbin kayansu a kasuwar baje kolin kayan wasa ta Nuremberg. Da jerin ya fito sai muhawara ta kaure a ƙungiyoyi da mujallu. Wannan ya ce an manta da jirgin yankinsu, wancan ya ce fentin bai yi daidai da na shekara kaza ba, wani kuma ya ce kamfanin ya raina musu hankali. Na bi maganganun nasu na tace, na ga ƙorafin bai wuce guda uku ba, kuma ba duka ne na yarda da su ba.

Na farko shi ne jira, kuma a nan ina bayansu ɗari bisa ɗari. Abin da ake kira sabon jirgi a ranar sanarwa sau da yawa hoto ne kurum, ko zane na kwamfuta. Ana buƙatar mai so ya rubuta sunansa tun a ranar, wani lokaci har ya ba da kafin alƙalami, sa'an nan ya koma ya zauna. Alal misali, kamfanin Accurascale ya sanar a watan Nuwamba na 1918... a'a, kada in tsufar da shi, a Nuwamba na 2018, cewa zai ƙera kan jirgin nan mai amfani da man dizal da ake kira Deltic. Bai iso hannun masu oda ba sai a 2022. Gaskiya ne annobar korona ta shiga tsakani, kuma da ya iso an yaba aikin ƙwarai. Amma a tuna yawancin masu jiran nan tsofaffi ne 'yan fansho, shekara uku da rabi kuwa ba ƙaramin lokaci ba ne ga mai shekara saba'in. Wanda ya taɓa kai wa tela yadi ana saura wata guda Salla, ya yi ta zarya har aka sauko daga Idi, ya ɗanɗana kaɗan daga abin da suke ji.

Wannan ma da sauƙi, tunda kayan sun zo. A 2019 wani ƙaramin kamfani mai suna DJ Models, wanda ya karɓi kuɗin jama'a tun kafin ya fara ƙira, ya durƙushe. Mutane suka rasa jirgi suka rasa kuɗi. Tun daga nan da yawansu suka ɗauki aniyar ba za su ƙara ba da ko sisi ba sai sun ga kaya a kan kanta.

Me ke jawo wannan jinkiri? Amsar tana ƙasar Sin. Frank Hornby ya fara ƙera jiragensa a Liverpool a 1920, daga baya sunan ya koma hannun masana'antar da ke garin Margate a bakin teku. Zuwa 1999 an gama kwashe aikin ƙirar kaf zuwa Sin, inda ladan ma'aikaci ke da arha. Watau kamfanin da ke Ingila zane yake yi da talla, ƙirar kuwa tana hannun wasu masana'antu da ke da nisan dubban mil, kuma kowa layi yake bi. Abin ya fito fili a ƙarshen 2008, lokacin da kamfanin Kader na Hong Kong, wanda shi ne uwar Bachmann, babban abokin hamayyar Hornby, ya sayi masana'antar Sanda Kan da ke ƙera wa Hornby yawancin kayansa. Ka ga kishiya ta gaji murhun da ake dafa maka tuwo ke nan. Hornby ya yi shekaru yana fama da ƙarancin kaya kafin ya rarraba aikinsa ga wasu masana'antu.

Shi Bachmann ya gaji da shan zagi a kan jinkiri, sai ya sake dabara a 2020. Ya daina fitar da dogon jeri na shekara, ya koma sanarwa duk bayan wata uku, kuma galibi kayan da suka kusa isowa yake ambata. A ganina wannan shi ne mutunci. Amma ɗan Adam ba a iya masa: sai ga wasu suna kukan cewa yanzu ba a ba su lokacin tara kuɗi, kafin su farga kaya sun zo sun ƙare.

Ƙorafi na biyu shi ne kamfanoni biyu su ƙera abu ɗaya a lokaci guda. A 2018 wani kanti mai suna Rails of Sheffield ya haɗa kai da kamfanin Dapol don su fitar da wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai tururi da ake kira Terrier, wanda aka fara ƙera na gaskensa a 1872. Da Janairun 2019 ya zo sai Hornby ya sanar da nasa Terrier ɗin, kuma a farashi mai rahusa. Rigimar har ta fito a wani shirin talabijin na BBC a shekarar. A 2022 kuma aka sake kwatawa: kamfanin Rapido ya riga ya sami izini daga masu haƙƙin wani tsohon fim na 1953 mai suna The Titfield Thunderbolt don ya ƙera jiragen cikinsa, sai Hornby ya sanar da makamantansu. Wannan karon dole ta sa ya janye. Ma'abota abin da yawa sun ga kamar babban kifi ne ke neman haɗiye ƙanana. Ni dai ban ga laifi ba idan mutum biyu suka kasa tumatir a gefen juna, mai saye ne ke cin riba. Inda na ga gaskiyarsu shi ne, ƙarfen da ake zuba robar jirgi a cikinsa yana cin kuɗi masu yawa, masu saye kuwa ba su da yawa. Idan aka raba su biyu, kowane kamfani zai sha wuya kafin ya mai da uwar kuɗinsa, alhali ga ɗaruruwan jirage can da ba wanda ya taɓa ƙerawa.

Na uku shi ne tsada, kuma a nan ne muka raba hanya da su. Kan jirgi guda mai kyau yakan haura fam 200, idan kuma da sauti ne yakan wuce fam 300. Suna cewa kamfanoni sun cika haɗama. To amma wa ya nemi a yi haka? Shekara da shekaru su ne ke matsa lamba a ƙara ƙawa. Suna so fitilu su kama gaba da baya, a ji ƙarar injin da aka ɗauko daga jirgin gaske, a ga kujerar direba da agogunan gabansa, kowane bututu a manna shi daban da hannu. Akwai waɗanda ake yi wa laƙabi da masu ƙirga ƙusa, domin za su ɗauki hoton jirgin gaske su gwada, idan ƙusa ɗaya ta ɓace su cika mujalla da wasiƙu. Kowane ɗan ƙarfe da aka ƙara, hannun wani ma'aikaci ne ya ɗauke shi da hantsaki ya liƙa, ladan ma'aikaci a Sin kuwa ya daɗe da tashi daga inda yake a 1999. Wanda ya ce a sa masa nama da yawa a miya ba shi da bakin kukan kuɗin cefane.

Ga wani abin dariya da zan so ɗalibaina su lissafa. Ma'aunin da aka fi yayi a Ingila sunansa OO, inda milimita 4 ke wakiltar ƙafa ɗaya, watau an rage jirgin sau 76.2. Faɗin dogon gaske a Ingila milimita 1,435 ne. Raba 1,435 da 76.2, za ka sami 18.83. To amma dogon OO faɗinsa milimita 16.5 ne, an aro shi ne daga ma'aunin HO na sauran Turai da Amurka, wanda ke rage jirgi sau 87. Dalili kuwa, jiragen Ingila na gaske sun fi na maƙwabtansu ƙanƙanta, injinan lantarki na wajejen 1930 kuma ba su iya shiga cikin ɗan jikin, sai aka ƙara wa jikin girma aka bar dogon yadda yake. Ke nan mutumin da ke tada jijiyar wuya a kan ƙusa ɗaya, jirginsa yana gudu ne a kan dogon da ya gaza da milimita biyu da ɗoriya, kuma ya yi shiru da bakinsa. Akwai 'yan tsiraru da suka ƙi yarda, suna sake wa jiragensu ƙafafu, suna ƙera dogon milimita 18.83 da kansu. Waɗannan kam na sara musu.

A watan Oktoba na 2022 Hornby ya fito da jirage a wani ma'auni da ake kira TT:120, mai rage jirgi sau 120 a kan dogon milimita 12. Raba 1,435 da 120 ka gani, 11.96 ne, lissafi ya fita. Kazalika ya fi OO ƙanƙanta, ya dace da ƙananan gidajen da matasan Ingila ke iya kamawa. Sai dai da farko kamfanin ya ce daga wurinsa kaɗai za a saya ta intanet, ya tsallake masu kanti, waɗanda suka yi shekaru suna tallata masa kaya. Masu kanti suka fusata, tsofaffin ma'abota kuma suka ce wa zai zubar da tarin OO na shekara arba'in ya faro daga farko? Daga baya an buɗe wa kantuna ƙofa. Ni ina ganin tsofaffin ba su gane ba ne cewa ba don su aka yi shi ba.

Domin kuwa alamun da ke ƙasa ba su da daɗi. A watan Janairu na 2024, a cikin 'yan kwanaki, labari biyu suka girgiza su. Kantin Hattons, wanda aka buɗe a Liverpool tun 1946, kuma yana cikin mafiya girma a ƙasar, ya ce zai rufe, ya ambaci raguwar masu saye da hauhawar kuɗin gudanarwa. Sa'an nan ƙungiyar Warley, wadda ta shafe shekara talatin tana shirya babban bikin nuna jirage a Birmingham, ta ce ta ajiye, membobinta sun tsufa, ƙarfin ɗaukar katakai ya ƙare. Ba wai jama'a sun daina ƙaunar abin ba ne. A 2019, da wasu yara suka fasa wata makaranta a garin Stamford suka ragargaza kayan da ƙungiyar Market Deeping ta jera don nuni, cikin 'yan kwanaki aka tara musu gudunmawar sama da fam 100,000, Rod Stewart shi kaɗai ya ba da 10,000.

Abin da ya dame ni a matsayina na malami shi ne yaron. Frank Hornby uba ne da ya fara da yi wa 'ya'yansa kayan haɗawa a gida, har ya yi musu rajista a 1901, aka san su daga baya da sunan Meccano. Yaron da ya shimfiɗa dogo da hannunsa ya koyi ma'auni da kashi-kashi, ya koyi yadda wuta ke zagayawa a waya, ya koyi aikin kafinta da haƙuri, ba tare da an ɗaga masa bulala ba. Jirgin fam 300 mai bututu kamar gashi, wanda ke karyewa da an taɓa shi, ba uban da zai miƙa wa ɗan shekara takwas. Hornby yana da wani rukuni mai arha da ƙwari da ya kira RailRoad, wanda aka yi don masu farawa, amma duk sa'ad da aka fitar da jerin shekara, da wuya ka ji dattawan nan sun tsaya a kansa, sai dai su wuce suna neman inda aka manta da ƙusa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ɗaliban aji shida kuma, ga aikin gida: faɗin tsohon dogon Ghana da na Nijeriya milimita 1,067 ne, na Kamaru kuwa 1,000. A ma'aunin HO, dogon milimita nawa kowannensu zai buƙata?