Cutar Parkinson: Yadda Milimita Biyu Ke Sauya Sakamakon Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olympics a Atlanta a 1996, hannunsa na karkarwa, ya ga irin kamun da cutar Parkinson ke yi wa mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 sama da mutum miliyan 8.5 ne ke fama da ita.

Idan magani ya daina riƙe majinyaci yadda ya kamata, likitoci kan dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwa, su haɗa ta da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Ɗan lantarkin da take aikawa yana lafar da karkarwa da sandarewar gaɓoɓi. Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak ne suka buɗe wannan hanya a Grenoble ta Faransa a 1987.

Sai dai wuyar aikin tana wajen saiti. Gurbin da aka fi nufa, wanda likitoci ke kira STN, bai kai ƙwayar wake ba. Idan waya ta kauce da milimita ɗaya ko biyu, lantarkin kan taɓa jijiyoyin da ke maƙwabtaka, sai magana ta sarƙe ko fuska ta riƙa murɗewa.

A nan bincike ya karkata. A asibitin Charité da ke Berlin, Andreas Horn da Andrea Kühn sun samar da manhajar Lead-DBS, wadda ke nuna inda waya ta tsaya a hoton ƙwaƙwalwa. A 2017, Horn da abokan aikinsa sun nuna cewa sassan da gurbin ke haɗe da su suna taimakawa wajen hasashen sauƙin da majinyaci zai samu. Yanzu akwai wayoyin da ke karkata lantarki zuwa gefe guda, kuma a Fabrairun 2025 Amurka ta amince da na'urar Medtronic mai sauraron sigina daga ƙwaƙwalwa tana daidaita ƙarfinta da kanta.

Duk da haka, tiyatar ba ta warkar da cutar, alamominta kawai take ragewa. Tana kuma buƙatar kuɗi mai yawa da ƙwararren da zai riƙa daidaita na'urar shekara da shekaru. Muddin babu su a kusa, majinyaci mai ƙaramin ƙarfi zai ci gaba da jin labarin wannan ci gaba ne daga nesa.