Malamin Dabbobi Ma Mai Ceton Rai Ne

A daminar bara na kwana a Sukuntuni, gidan wata gwaggona. Wajen ƙarfe ɗaya na dare akuyarta ta fara naƙuda, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ɗan ya zo a gicciye, akuya sai nishi take, gwaggo kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Aka buga wa malamin dabbobi waya. Cikin ruwa da taɓo ya iso a kan babur, ya ɗaura fitila a goshi, ya wanke hannu, ya durƙusa a gindin turke. Ya fi rabin sa'a yana lallaɓawa kafin ya gyara wa ɗan kwanciya. Biyu ta haifa, duk da rai. Gwaggo ta kwance bakin zane ta miƙa masa abin da ke ciki, ya ɗauki kaɗan ya ce, "Inna, wannan ya isa kuɗin mai."

Ɗan birni zai ce ai akuya ce kawai. Ga matar karkara kuwa akuya ita ce asusu. Da ita za a yi wa ɗiya kayan ɗaki, ita za a kai kasuwa ranar da ciwo ya kwantar da yaro, kashinta kuma takin gona ne. Wanda ya ceci akuyar nan ya ceci shekara guda ta wahalar mai ita.

Mutanenmu kan kira su duka likita, amma akwai bambanci. Likitan dabbobi shi ne wanda ya yi digiri a jami'a irin ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma ba su da yawa, akasarinsu suna birni. Wanda ke shiga ruga-ruga da lungunan ƙauye mafi yawa mai difloma ne ko satifiket, daga kwaleji irin ta Vom a Jihar Filato ko ta Mando a Kaduna. Shi ke yin allura, shi ke fiɗiya, shi ke ba da maganin tsutsa, shi ke shan hauri da tunkuyi.

A tambayi tsofaffin Fulani labarin cutar bushiya. Ta share garken shanu a ƙasar nan a shekarun 1890, ta sake dawowa a 1983 ta bar masu shanu da yawa da sanda kawai a hannu. Yaƙin da aka ƙaddamar da ita a yankin Tafkin Cadi a 1962, da wanda ya biyo baya, malaman dabbobi ne sojojinsa. Sun bi burtali da mashaya da allura cikin ƙanƙara, a lokacin da makiyayi kan gudu da shanunsa don tsoron ƙidayar jangali ce. A 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu bayan agana da ɗan Adam ya ga bayanta. Yaran yau ba su ma san sunanta ba, kuma babu wanda ya san sunayen waɗanda suka yi wannan tafiyar ƙafa.

Aikin bai ƙare ba. Ciwon huhun shanu na nan, ga annobar mura da zawo da ke kashe awaki da tumaki, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da ita. Lafiyarmu ma tana hannun malaman dabbobi. Malamin da ya yi sammako zuwa mahauta ya duba huhu da hanta kafin nama ya shiga kasuwa, tarin fuka yake tare mana. Da cutar saifa ta ɓulla a Suleja a 2023, hankalin jama'a ya tashi, don ciwon dabba ne da ke iya tsallakowa ga mutum.

Laifinmu kuma ba zan ɓoye shi ba. Sai mu sayi kwalbar allura da ta wuni a rana a kan tabarmar kasuwa, mu soka wa dabba yadda muka ga dama. Sai ta kwanta, ido ya juye, sannan mu nemi malam. In ta mutu mu ce hannunsa ne. Wannan zalunci ne. Mutum ne da ke shiga daji a zamanin da satar shanu ta sa kowa ɗar-ɗar, a kan babur ɗin kansa, da man da ya saya da kuɗinsa.

Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo a 2024, madalla. Amma makiyayin Sukuntuni ba zai ga ma'aikata ba, malam zai gani. Ina roƙon gwamnatin Jihar Katsina da shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su ɗauki matasan da suka karanci wannan fanni aiki, su ba su babura, su sa firji mai aiki da hasken rana a asibitocin dabbobi don allura ta daina lalacewa.

Kai kuma mai kiwo, ranar da aka yi shelar rigakafi ka fito da dabbobinka duka, kada ka ɓoye ko ɗaya. In malam ya zo gidanka, ka biya shi haƙƙinsa tun bai hau babur ba.