Kuɗin Taimako Da Littafin Ƙungiya

Duk wanda ya san ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum ya san ba ta rasa ƙungiyoyin manoma. Akwai ta masu shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara, akwai ta masu albasa da tattasai, akwai ta mata masu kiwon awaki, har da ta masunta. Waɗansu tsofaffi ne, gayya ce da adashi aka yi musu rajista aka sa musu suna. Waɗansu kuwa ran da aka ji Gwamnatin Tarayya za ta ba da taimako, ran nan aka haife su, ran da kuɗi suka ƙare kuma ran nan aka yi jana'izarsu.

Neman taimako kowa ya iya. A tara sunaye, a ɗauki hoto, a buɗe asusu a banki, a sa Shugaba a mota ya tafi Gusau. Abin da ya gagari ƙungiyoyi da yawa shi ne abin da ke biyo bayan shigowar kuɗin. Sai a tambayi ɗan ƙungiya nawa aka ba su, ya ce Shugaba ne ya sani. A tambayi Shugaba ina littafi, ya ce yana wurin Magatakarda. A je wurin Magatakarda, ya ce gara ta ci.

Da farko ya kamata a rarrabe tsakanin bashi da taimako, gama rashin rarrabewar nan ya jawo wa manoma asara mai yawa. A watan Nuwamba 2015 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, wanda ake kira Anchor Borrowers. Ta hannun ƙungiyoyi aka riƙa ba da iri da taki da magani, a kan za a biya da amfanin gona bayan girbi. Kuɗin da aka fitar sun wuce naira tiriliyan ɗaya. Mutane da yawa suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa ya tsaga. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce wajen kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, an biya wajen kashi 52. Ko wanne aka ɗauka, abin da ya maƙale a hannun mutane ba kaɗan ba ne. A ƙarshen shekarar nan, a ƙarƙashin sabon Gwamnan Bankin, Olayemi Cardoso, aka daina karɓar sababbin masu neman irin wannan rance. Manomin da ya biya nasa har ƙwayar ƙarshe, da wanda ya sayar da takin a kasuwa tun ran da ya karɓa, duka ƙofa ɗaya aka rufe musu.

Taimako kuwa ba a biyansa, amma yana da sharaɗi, sharaɗin nan kuwa shi ne ransa. Shirin Fadama na uku, wanda ya kama aiki a 2009 a dukan jihohi 36 da Abuja, shi ne misalin da manoman yankin nan suka fi sani. Bankin Duniya ya ba Nijeriya dala miliyan 250 dominsa. A lura, a wurin manomi kyauta ce, amma a kan ƙasa bashi ne da za a biya. Tsarinsa shi ne ƙungiya ta zauna ta rubuta abin da take bukata. In kayan aiki ne, kamar injin ban ruwa ko injin niƙa, shirin ya biya kashi 70 ƙungiya ta biya 30. In aikin gari ne, kamar kwalbati ko rumfar kasuwa, jama'a su kawo kashi 10. Har wa yau aka ce kowace shekara a riƙa ajiye wani abu a asusu, don ran da injin ya mutu a sami abin sayen wani.

To, ga inda ɓera ke shiga rumbu. A ce injin naira 200,000 ne a kasuwa. Da gaskiya shirin zai biya 140,000, 'yan ƙungiya su haɗa 60,000. Amma sai Shugaba ya ja ɗan kasuwa gefe, ya ce a rubuta 300,000 a rasit. Yanzu shirin ya biya 210,000, watau ya riga ya biya injin gaba ɗaya har da saura. 'Yan ƙungiya kuma an ce musu su kawo 90,000, sun sayar da akuya da gero sun kawo. Rarar 100,000 ke nan ta faɗa aljihun mutum biyu. Injin ya zo, an ɗauki hoto, kowa yana murna, ba wanda ya san an yanke shi. Wannan lissafi misali ne kawai, amma 'yan kasuwa masu karanta wannan fili sun san ba tatsuniya ba ce. Su sani kuma ran da mai binciken lissafi ya zo, sunan kantinsu da hatiminsu ne a kan takardar, na Shugaba ba ya ciki.

Akwai kuma sunayen ƙarya. Ƙungiya mai mutum 15 ta zama mai mutum 25, ragowar goman 'ya'yan Shugaba ne da surukansa, da wani ɗan'uwa da ke Legas wanda ya manta yadda ake riƙe fartanya. Lambar BVN ta rage wannan, gama mutum ɗaya ba ya zama biyu a banki, amma ba ta iya faɗin ko mutum yana da gona.

Wani zai ce, to mene ne, ai kuɗin Gwamnati ne, ba na uban kowa ba. Amsar wannan tana cikin shirin NG-CARES da aka fara a 2021 da dala miliyan 750 na Bankin Duniya, wanda ofisoshin Fadama suka riƙe ɓangaren noma a cikinsa. An tsara shi ne a kan Jiha ta yi aiki, masu tantancewa na dabam su zo su ƙidaya abin da aka yi, su ga manoman da ido su duba takardu, sa'an nan a biya Jiha gwargwadon abin da ya tabbata. Ashe ke nan ƙungiyar da ta kasa nuna takarda ba kanta kaɗai ta cuta ba. Ta rage abin da zai komo Jiha, ta rage rabon ƙauyen da ke gaba a layi.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a je da nisa a nemo musu shaidar amfanin bin sawun kuɗi. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida, irin su Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta kama magani, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani ya koma wasa a tsakar gidan da gubar take, sai an fara kwashe ƙasar tukuna. A watan Mayu 2012 aka yi taro a Abuja, aka yi maganar naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya za ta bayar. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, kuɗi ba su fito ba, yara wajen 1,500 suna jiran magani.

Sai waɗansu samari, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa wani yunƙuri mai suna Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Ba su da iko, ba su da muƙami. Abin da suka yi shi ne tambaya: nawa aka ce, wa ya sa hannu, a wane ofis takardar take kwance, yaushe za ta fito? Suka riƙa yaɗa tambayar a intanet da jaridu, tare da waɗansu ƙungiyoyi, har a watan Janairu 2013 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa aka saki kuɗin. Aka raba su tsakanin ma'aikatun Muhalli da Lafiya da Ma'adinai. Samarin ba su koma gida sun kwanta ba, suka ci gaba da zuwa Bagega suna gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa. A cikin shekarar nan aka kwashe ƙasar garin, likitoci suka fara magani.

In tambaya ta iya tayar da takarda daga teburin ma'aikata a Abuja, ba za ta kasa tayar da littafi daga ƙarƙashin katifar Shugaban ƙungiya a Daki Takwas ba. Abin da ke hanawa kunya ce. Shugaba dattijo ne, ko kawun mutum ne, ko shi ya ba shi rancen hatsi a bazarar da ta wuce, ina zai iya buɗe baki ya ce a kawo lissafi? Don haka bai kamata a bar abin ga ƙarfin halin mutum ɗaya ba. A sa shi cikin dokar ƙungiya tun kuɗi ba su zo ba, cewa kowane wata, ko an tambaya ko ba a tambaya ba, Magatakarda zai miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa, da ƙarfi, a gaban kowa. In al'ada ce, ba wanda zai ce an zarge shi. Shugaban kirki ma shi ya fi kowa amfana, domin a garin da ba a karanta lissafi, ko sabuwar hula mutum ya saya sai a ce da kuɗin ƙungiya ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Tun 1935 aka kafa dokar jam'iyyun gama kai a Nijeriya, dokar Tarayya ta 1993 kuma ta ce a binciki lissafin kowace jam'iyya mai rajista aƙalla sau ɗaya a shekara. Tsofaffi suna tune da yadda ake adana rasit ɗin haraji da na jangali zamanin En'e, gama wanda ya ɓatar da nasa yana iya biya sau biyu. Malamai kuma sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Aikin kansa ba shi da wuya. Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, a sa wa shafukansa lamba don kada a yage wani. Kuɗi su shiga asusun ƙungiya, kada su shiga na Shugaba ko da na kwana ɗaya ne, kuma kada su fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku waɗanda ba gida ɗaya suke ba. Kafin a sayi babban abu a tura mutum biyu su tayo shi a kanti uku. In an raba taki ko iri, kowa ya dangwala yatsa a gaban sunansa da adadin abin da ya karɓa, bayan an cika adadin, domin dangwale a kan takarda fanko shi ne mafarin yawancin rigingimu. Kuɗin da aka bayar don rijiya kuwa kada a sayi taki da su, ko da takin ya fi amfani a lokacin, sai an rubuta an nemi izini an samu amsa a rubuce. Nan ne ƙungiyoyi masu gaskiya suka fi faɗawa. Ba su ci ko kwabo ba, amma a idon mai bincike sun saɓa sharaɗi, sai a ce su mayar, ko a cire sunansu daga zagaye na gaba.

Ba za a ɗora laifi duka a kan manomi ba. Taki yakan iso bayan dawa ta yi bunni. Takardun sharaɗi da Turanci suke zuwa, a ba mutumin da ajami ya iya a ce ya sa hannu. Akwai kuma ma'aikacin da ba ya tura takardar ƙungiya gaba sai an ga abin da aka gani, wannan kuɗi kuwa ba su da rasit, dole Magatakarda ya ɓoye su a ƙarƙashin kuɗin mota, daga nan littafi ya fara koyon ƙarya. Ofishin da ke neman lissafi a hannun ƙungiya ya kamata ya fara manna nasa a bangon Sakatariyar Ƙaramar Hukuma: ga ƙungiyoyin da aka ba, ga abin da aka ba kowace. Dokar samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ma'aikatar Tarayya ya nemi irin wannan bayani, ta kuma sa kwana bakwai a ba shi amsa. Akawun da ya iya rubuta takardar koke ya iya rubuta wannan.

Halin da ƙasar nan take ciki ya ƙara wa littafi daraja. Akwai ƙauyuka a Anka da Bukkuyum inda 'yan bindiga suka hana noma, malamin gona ba ya iya zuwa, balle mai bincike daga Gusau. A watan Agusta 2024 ruwa ya ci gidaje da gonaki masu yawa a Gummi. A irin wannan hali asarar gaskiya da ta ƙarya kama suke da juna: kowa yana iya cewa an ƙwace injin, ko ruwa ya tafi da shi. Ƙungiyar da abin ya same ta da gaske, ta rubuta a cikin makon, da ranar da wurin, Mai Unguwa ko Dagaci ya shaida, a kai kwafi ofis a karɓo sa hannun wanda ya karɓa. Shafukan littafi da rasit kuma a riƙa ɗaukar hotonsu a wayar mutum biyu, ɗaya mazaunin cikin gari.

Saura maganar Magatakarda, wanda shi ne ke ɗauke da duk wannan aiki, kuma shi ne ba a kulawa da shi. Wajen zaɓen Shugaba har faɗa ake yi, Magatakarda kuwa sai a waiwaya a ce wane yaro ne ya yi makaranta. Yaron ba zai iya ce wa dattijo a'a ba. Gara a nemi tsohon malamin makaranta, ko akawun da ya yi ritaya, ko matar da ta daɗe tana riƙe adashi ba a taɓa jin kanta ba, a yanka mata ɗan lada daga kuɗin 'yan ƙungiya, a faɗi adadinsa a taro, a kuma rubuta shi a shafin farko na littafin.