Jar fitilar bayan motar tsere ba ado ba ce, rai take tsarewa

Duk wanda ya taɓa kallon tseren Formula 1 a wayarsa ranar da ake ruwan sama ya san wannan hoton: motoci sun ɓace cikin farin feshin ruwa, ba a ganin komai sai wani jan ɗigo yana ƙyaftawa. Wannan ɗigon shi ne fitilar ruwan sama, 'yar ƙaramar fitilar LED da ake ɗaurawa a tsakiyar bayan mota. A ƙananan gasanni inda mutum ke haɗa motarsa da kansa, sau da yawa ita ce abin da ake tunawa da shi daga ƙarshe, a ɗaura ta a gurguje don kawai masu duba mota su bari a shiga fili. Wannan ganganci ne. Kamata ya yi a ba ta muhimmancin da ake bai wa birki da hular kwano.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 250 a awa tana cin kusan mita 70 a cikin daƙiƙa ɗaya. Faffaɗan tayoyinta da iskar da ke fita ta ƙarƙashinta suna kwashe ruwan titi su watsa shi sama, sai direban baya ya zama kamar wanda aka rufe wa ido. Idan motar gaba ta rage gudu ko ta mutu a kan hanya, jar fitilar nan ce kaɗai za ta sanar da shi.

A watan Agustan 1982, a Hockenheim ta ƙasar Jamus, Didier Pironi na Ferrari yana kan gaba a teburin gasar lokacin da ya afka wa bayan motar Alain Prost cikin feshin ruwa. Ƙafafunsa suka karairaye, bai sake yin tseren Formula 1 ba. A 1998 a Spa ta ƙasar Beljiyam, Michael Schumacher yana jagorantar tsere ya daki bayan motar David Coulthard, tayarsa ta gaba ta cire. Waɗannan gwanaye ne na duniya, amma gwaninta ba ta maganin abin da ido bai gani ba. Shi ya sa a Formula 1 dole ne fitilar ta kasance a kunne duk lokacin da aka saka tayoyin ruwa, kuma a 2019 aka ƙara wasu fitilu biyu a gefunan fiffiken baya.

Matsalar tana cikin wayoyi

LED ba ta cika mutuwa ba, kuma wutar da take ci kaɗan ce daga batir mai bolt 12. Abin da ke kashe ta shi ne aikin wayoyi na a-wuce-wurin. Mai amfani da wayar hannu ya san inda igiyar caja ke fara lalacewa: a wuyanta, inda ake yawan lanƙwasawa. Motar tsere kuwa jijjiga take yi tun daga tashi har ƙarshe, ga zafin inji, ga ruwa yana shiga ko'ina. Wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif za ta yi aiki lafiya a gareji, ta yanke a ranar da ake buƙatarta.

Aiki mai kyau yana farawa da bai wa fitilar layinta ita kaɗai, da fis ɗinta daidai ƙarfinta kusa da inda wutar ta taso, yadda idan wata na'ura ta ƙone ba za ta tafi da ita ba. Makunnin ya zama inda direba zai kai hannu alhali yana ɗaure da bel. Wayar da ke mayar da wuta zuwa batir ita ma tana son kulawa: idan a jikin ƙarfen mota za a ɗaure ta, a kankare fenti da tsatsa tukuna; idan kuma jikin motar ba na ƙarfe ba ne, a ja mata waya har zuwa batir. A tabbatar ba a juya ƙafafun ba, domin LED ba ta kamawa idan aka haɗa ta a baibai.

Wajen haɗa waya da waya, matse su da abin matsewa ya fi liƙawa da dalma, saboda dalma tana sandarar da waya, jijjiga kuma ta karya ta daidai wurin. A yi amfani da mahaɗai masu hana ruwa shiga, irin na Deutsch da masu tsere suka saba da su. A nisanta wayar da salansa, a sa mata zoben roba duk inda za ta ratsa ƙarfe, a ɗaɗɗaure ta kada ta riƙa reto. Ita kanta fitilar ta tsaya a tsakiya tana kallon baya sak. Hasken LED a tattare yake, idan ta ɗan kalli ƙasa ko gefe, ƙarfinsa ya tafi inda babu mai ganinsa.

Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko shi ne haɗa ta da fitilar birki don a rage wahala, wanda ke rikita na baya ya kasa gane ko tsayawa ake yi. Na biyu shi ne rashin karanta dokar gasa: wasu na son fitila mai ƙyaftawa, wasu mai tsayayyen haske, wasu kuma sai wadda hukumar FIA ta amince da ita. Sannan akwai abin da ya cancanci kowa ya ƙara ko da doka ba ta tilasta ba, wato ƙaramin haske a gaban direba da zai nuna masa an kunna fitilar, tunda shi ba ya ganin bayansa.

Ba ita ce maganin komai ba

Masu cewa fitila ba ta isa ba suna da gaskiyarsu. A 2021 an kasa yin tseren Spa yadda ya kamata saboda rashin gani, motoci suka yi 'yan zagaye a bayan motar tsaro aka tashi. Ranar 1 ga Yulin 2023, a wannan filin dai, matashi ɗan ƙasar Holan mai shekara 18, Dilano van 't Hoff, ya rasa ransa a hatsarin da ya faru cikin ruwan sama. FIA ta gwada murfin tayoyi don rage feshin ruwa, sakamakon bai gamsar ba. Akwai ruwan da babu fitilar da za ta iya ratsa shi, kuma a irin wannan rana dakatar da tsere shi ne hankali.

Amma tsakanin rana tsaka da mamakon ruwa akwai ranaku da yawa da ake yin tseren, kuma a cikinsu ne fitila mai kyau ke bai wa na baya rabin daƙiƙar da zai kauce. Bel da hular kwano suna aiki ne bayan an yi karo, ita kuwa tana aiki kafin a yi. Wanda ya kashe kuɗi kan kyamara da allon sitiyari mai launuka, ya bar fitilarsa a hannun salatif, ya saka ransa da na wanda ke bin sa a caca. Kafin kowane tsere a kunna ta, a girgiza wayoyin, a ja da baya a dube ta daga nesa. Aikin minti biyu ne.