A Duba Kafin A Ɗaure

Bayan haka, ya jama'ar Surko da Gwaram, malamai da fatake. Idan ɗan dako ya faɗi da buhu, ko almajiri ya gurɗe a gona, akan garzaya wurin mai ɗori. Lalle mai ɗori yana da saninsa, amma hannu ba ya ganin jijiyar da ta tsinke. In aka ɗaure ta da sunan targaɗe, gaɓa takan sandare, magidanci ya rasa sana'arsa.

To, akwai na'urar da ake kira sikanin, wadda Likita Ian Donald na Birtaniya ya bayyana amfaninta ga duban ciki a 1958. Takan aika sautin da kunne ba ya ji, amsa-kuwwarsa ta komo ta zama hoton tsoka da jijiya da ruwan gaɓa, har da motsinsu. Sai dai ba ta ratsa ƙashi. Karaya kam sai hoton ƙashi.

Saboda haka, kumburin da ya ƙi sauka a kai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, likita ya zaɓi hoton da ya dace, sa'an nan a yi gashi. Neman magani ba ya warware tawakkali. Allah ya ba da lafiya, amin.